Yadda za ka tallata sabon kayan bincike a shafin laburarenku har ɗalibai su yi amfani da shi

Wata Talata da hantsi wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe ta shigo ofis ɗina, daga gani a napep ta taho tun daga wajen Ƙofar Ƙaura don mayafin nan duk ƙura, ko zama ba ta yi ba ta ce "Malam don Allah ina ake samun jonal na waje? Sufabaiza na ya ce in kawo guda goma na kwanan nan ko kar in sake kai mashi babi na biyu." Na ce mata ai muna da su ƙanwata, suna nan a shafinmu na intanet, ya kai wata biyu da sawa. Sai ta ciro waya ta miƙo man ta ce to nuna man wurin. Wallahi ni da na sa aka ɗora abun sai da na yi ta jan allo sama da ƙasa ina gumi, hoton tallan da muka sha wahalar tsarawa ya ƙi buɗewa sai ɗan da'ira ke ta juyawa, da ya ga dama ya buɗe na danna sai ga shi yana neman fasawod, kuma babu inda muka rubuta wurin da za a karɓi fasawod ɗin. Ta karɓi wayarta ta ce "ba komai Malam, bari in je kafe su haɗa man."

Tun daga ranar na canza yadda nake yin wannan aiki, kuma abun da zan jero nan shi ne yadda nake bi yanzu duk lokacin da muka samu sabon rumbun jonal, wato shafin intanet da ake tara jonal da yawa wuri guda, ko sabon katalog, ko wata manhaja da muke so a sani. Na rubuta ne don 'yan uwana ma'aikatan laburare na nan Katsina da Daura da Dutsin-Ma, amma ko ƙaramin laburaren makarantar sakandare kake riƙe da shi zai yi maka amfani.

Mataki na farko: gwada abun da kanka, a wajen makaranta

Kafin ka rubuta ko kalma ɗaya ta talla, tashi daga kan kwamfutar ofis. Kwamfutar ofis maƙaryaciya ce, tana kan intanet ɗin makaranta, kamfanin da ke da rumbun ya gane adireshin IP ɗinku, wato lambar da ke nuna daga intanet ɗin makaranta aka shigo, shi ya sa komai ke buɗewa kamar da ƙasa. Ɗalibinka kuwa yana ɗakin haya ne a Sabuwar Unguwa ko Ƙofar Marusa, ko ma ya tafi gida Mai'adua hutun ƙarshen mako, da ƙaramar Android mai fasasshen gilashi da ragowar data da ba ta kai ta kawo ba, an ɗauke wuta, caji saura kaɗan. To ari irin wannan waya, ta masinja ko ta ƙanenka, ka koma gida da dare ka gwada da datarka. Ka nemo makala ɗaya ka sauke ta har ta buɗe. In ba ta buɗe ba, ba ka da abun tallatawa tukuna.

A nan ne za ka gane ta wace ƙofa ake shiga abun naka, don ƙofofin kusan uku ne. Akwai wanda sai a cikin makaranta yake buɗewa saboda IP. Akwai mai sunan shiga da fasawod guda na makaranta baki ɗaya. Akwai kuma wanda ake bi ta wata manhaja mai tsayawa tsakani irin su EZproxy ko OpenAthens ko MyLOFT, ɗalibi ya shiga da nashi bayanin daga ko'ina. Dole ka san wanne ne naka, don amsar ita ce jimla ta farko da ɗalibi ke buƙata. In a cikin makaranta kawai yake aiki, faɗa ƙarara, kar ka ji kunya, ya fi a ce yaro ya ƙone datarshi a banza ya tafi yana cewa laburare 'yan yaudara ne.

Sannan don Allah, don Annabi, kar ka manna fasawod a fili a shafin. Na san jarabar, ita ce hanya mafi sauƙi, amma yarjejeniyar da makaranta ta sa wa hannu da masu rumbun ta hana, kuma in suka ga ana ta sauke kaya daga ƙasashen da ba ku da ɗalibi ko ɗaya za su iya rufe maku baki ɗaya, kowa ya rasa. Yi ɗan fom na Google Forms ko makamancin shi, ɗalibi ya sa suna da lambar rajista da sashe, ku duba ku tura mashi, ko a sa bayanin a cikin fotal ɗin ɗalibai inda sai mai rajista ke gani. Lambobin wayar da kuka tara a fom ɗin kuma amana ce, akwai dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023, ba na raba wa masu tallar data ko 'yan siyasar ƙungiyar ɗalibai ba ne.

Na biyu: ba shi sunan da ɗalibi zai gane

Wannan shi ne ciwonmu mu 'yan laburare, muna son manyan kalmomin sana'a. Ka shiga shafi ka ga an rubuta OPAC da manyan baƙaƙe, wa ya san OPAC ban da mu? Katalog ne fa kawai, wurin duba ko akwai littafi da kuma kantar da yake. Da yawanmu manhajar Koha muke amfani da ita, wadda aka fara a New Zealand wajen 1999 kuma kyauta ce, amma ɗalibi ba ruwanshi da Koha ko tarihinta, shi tambayarshi "akwai littafin ko babu?" To rubuta a maɓallin abun da zai yi: nemo littafi. Nemo jonal don furojet. Duba ayyukan ɗaliban baya. Sunan kamfanin ya biyo daga ƙasa da ƙananan baƙaƙe don lakcarori da suka san shi.

Hanyar samun kalmomin ba wuya, ajiye ɗan littafi a kan teburin tambaya na sati biyu, duk wanda ya zo da tambaya a rubuta ta daidai yadda ya faɗe ta. Za ka ga babu mai cewa yana neman rumbun bayanai, cewa suke "ina neman matiriyal", "ina son fas kwescin", "yaya ake rubuta refarens". Waɗannan su ne kanun shafinka.

Shafukan manyan makarantu da Turanci suke, wannan ba laifi, amma ba abun da zai hana ka sa layi ɗaya na Hausa ƙarƙashin kowane bayani, musamman wajen yadda ake shiga. Yaro ɗan aji ɗaya da ya taho daga Baure ko Zango yana jin Turancin, amma in ya ga "danna nan ka sa lambar rajistarka" hankalinshi ya fi kwanciya. Sai dai ka lura da baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ka tabbatar shafin yana kan UTF-8, tsarin rubutun kwamfuta da ke gane su, in ba haka ba za su koma alamar tambaya ko 'yan akwatuna. Kuma ka gwada katalog ɗinku, rubuta "kasa" ka gani ko zai kawo littafin da aka shigar da "ƙasa", don yawancin ɗalibai ba su da waɗannan baƙaƙe a allon wayarsu. In bai kawo ba, sai ku ƙara wa littattafan Hausa take na biyu marar lanƙwasa a cikin rekod ɗin. Aiki ne mai cin rai amma sau ɗaya ake yin shi.

Na uku: kowane kaya da shafinshi guda

Nan ne zuciyar aikin. Kowane sabon abu ka buɗe mashi shafi nashi na kanshi mai adireshi gajere wanda ba zai canza ba, don wannan adireshin ne za ka riƙa yawo da shi ko'ina daga baya. Ba sanarwa a sashen labarai ba, labari yana nutsewa, bayan wata ɗaya sanarwar taron ƙara wa juna sani da ta'aziyya sun danne shi. Kuma ba PDF ba. Takardar sanarwa mai tambarin makaranta da sa hannun oga da aka yi wa sikanin aka ɗora, a waya sai ka yi ta buɗa yatsu kana neman layi, linkin ciki kuma ba ya dannuwa.

Abun da zai shiga shafin ba shi da yawa. Daga sama jimla biyu: mene ne wannan, kuma wa zai amfana. Misali in AGORA ce, ka ce jonal ne da littattafai na aikin gona da abinci da kiwo, ga 'yan furojet da masu digiri na biyu. Nan take ƙarƙashinta babban maɓalli na shiga, wanda babban yatsa zai iya dannawa ba tare da kuskure ba. Sai yadda ake shiga, daga cikin makaranta kaza, daga gida kaza. Sai hoton allo uku ko huɗu da ka ɗauka a WAYA, ba a kwamfuta ba, ka zagaye wurin dannawa da ja. Sai misali ɗaya na bincike na gaske irin namu, ka ce rubuta kalmomin Turanci na gero ko dawa ko zaizayar ƙasa ka haɗa da Katsina ka ga abun da zai fito, ka nuna sakamakon. Wannan misalin ya fi duk wani yabo da za ka yi wa rumbun aiki, don gani ya kori ji. Daga ƙasa sunan ofishin da za a tuntuɓa, lambar WhatsApp ta aiki ba taka ta gida ba, da lokutan da ake amsawa, da ranar da aka sabunta shafin. In na gwaji ne aka ba ku na wata ɗaya, rubuta ranar ƙarewa da manyan baƙaƙe.

Kada ka kwafo bayanin da kamfani ya turo maka ka manna. Su miliyoyin makaloli suke lissafawa, ɗalibinka goma yake nema.

Hotunan kuma ka rage masu nauyi kafin ka ɗora, akwai Squoosh da TinyPNG duk kyauta, hoton allo bai kamata ya wuce kilobait 100 zuwa 150 ba a ganina. Ka sa wa kowane hoto ɗan bayanin rubutu a bayanshi, in hoton ya ƙi buɗewa rubutun zai fito, kuma ɗalibai makafi masu manhajar karanta allo da shi suke gane abun da ke wurin. In ka gama ka jefa adireshin cikin PageSpeed Insights, mai auna saurin buɗewar shafi, ka duba ɓangaren waya. Bidiyo in za ka yi, kar ya wuce minti ɗaya, da muryarka da Hausa kana dannawa kana bayani, kuma kar ka sa ya riƙa tashi da kanshi, datar mutane ce.

Na huɗu: shafin farko, da zaman lafiya da 'yan ICT

Hotunan nan masu zamewa a saman shafi, silaida, shugabanni na son su don suna da kyau a majigi ranar da baƙi suka zo. A waya su ne suka fi komai nauyi kuma kafin ka karanta ɗaya ya wuce. In oga ya nace a bar su a bar su, ba sai an yi rigima ba, amma ka roƙi abu ɗaya: akwatin bincike da layi ɗaya na rubutu zalla su zauna a samansu, "Sabo: jonal na lafiya kyauta ga ɗalibanmu, shiga nan." Abu ɗaya tak a lokaci guda. In ka jera sababbi biyar babu wanda za a gani. Bayan sati shida ko takwas ka cire kalmar "sabo" ka maida abun cikin jerin dindindin, don na sha ganin shafi da ɗan tambari ja yana ta ƙyaftawa wai sabo alhali abun ya shekara uku.

Sannan ka tuna ɗalibai da yawa ba su taɓa buɗe shafin laburare ba, amma kowa na shiga fotal don rajistar kwas da duba sakamako. Linki ɗaya a can ya fi goma a wurinka. Wanda ke riƙe da wannan ƙofa kuwa sashen ICT ne, to ka san yadda za ka zauna da su. Kar ka tura takarda ka zauna jira, taka ka je da ƙafarka, ka gaisa, ka kai masu rubutun a shirye da hoton a rage da adireshin da kake so, aikin minti biyar ya rage masu. In shafinku a kan WordPress yake, ka nemi a buɗe maka shiga ta edita a ɓangaren laburare kawai, ka ce masu "ranka ya daɗe don in sauke maku nauyi ne", kuma gaskiya ce. Ranar da na samu wannan dama ita ce ranar da gyaran harafi ɗaya ya daina ɗaukar sati biyu.

Na biyar: raba kayan sashe-sashe

Jerin A zuwa Z na rumbuna yana da amfani ga wanda ya riga ya san abun da yake nema. Ga saura, yi shafi ɗaya ga kowace tsangaya da abu uku ko huɗu kacal. Research4Life misali, shirin da ke ba makarantun ƙasashe masu tasowa jonal kyauta ko da rahusa, kashi biyar ce kuma kowane da mutanenshi: Hinari ta lafiya wadda WHO ta fara a 2002, AGORA ta aikin gona ta FAO a 2003, OARE ta muhalli a 2006, ARDI ta kimiyya da ƙere-ƙere a 2009, sai GOALI ta shari'a a 2018. Makaranta ce ke yin rajista ba mutum ɗaya ba. To ɗalibar jinya a nuna mata Hinari kawai, ɗan aikin gona AGORA, mai karatun shari'a GOALI, kar a zube masu duka a gaba. LibGuides ita ce manhajar da manyan laburarori na waje ke yin irin waɗannan shafuka da ita amma ta kuɗi ce, SubjectsPlus kyauta ce, shafin WordPress na yau da kullum ma ya isa.

In kuma ba ku da ko sisi na biyan kuɗin shekara, kar ka ce ba ka da abun tallatawa. AJOL na nan tun 1998 cike da jonal na Afirka har da na jami'o'inmu na Najeriya, da yawa ana saukewa kyauta. DOAJ da aka fara a jami'ar Lund ta Suwidin a 2003 duk abun da ke ciki buɗaɗɗe ne. Zotero kyauta ce, tana tsara refarens da kanta, kuma ban taɓa nuna wa ɗan furojet ita bai yi man addu'a ba. Ga 'yan sashen Hausa da Larabci da Tarihi akwai tarin rubuce-rubucen ajami da jami'ar Boston ta Amurka ta ɗora a intanet har da na Hausa, abun kunya ne a ce a garin Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani da hasumiyar Gobarau ɗalibi bai san da su ba. In kuna da ma'ajiyar ayyukan ɗalibai a DSpace ita ma ta shiga nan, da ɗan gargaɗi cewa don karantawa ne ba don canza bango da suna ba.

Na shida: ɗauki linkin ka kai shi inda mutane suke

Shafi ba ya kiran kowa, sai an kai shi. Tara lambobin kilas ref na 'yan ajin ƙarshe ka tura masu saƙo gajere wanda za su iya turawa guruf yadda yake: layi biyu da linki. Kar ka sake rubuta duk bayanin shiga a WhatsApp, don ranar da wani abu ya canza tsohon saƙon zai ci gaba da yawo yana ɓatar da mutane, shafi kuwa wuri ɗaya za ka gyara. Buga lambar QR ka manna a kan teburan karatu da ƙofar shiga da kusa da soket ɗin caji, nan ne ido ya fi daɗewa, kuma ka rubuta gajeren adireshin a ƙasanta don ba kowace waya ke karanta QR da sauƙi ba.

Amma duk wannan bai kai kalma ɗaya daga bakin lakcara ba. Ka nemi minti goma a taron sashe, kar ka yi lacca, tambayi ɗaya daga cikinsu a kan me yake bincike ka nemo mashi makala nan take a gabansu. In Dakta ya ce wa 'yan ajinshi dole biyu daga cikin refarens su fito daga nan, an gama.

Lokaci ma abun lura ne. Satin oriyanteshan yara na neman ɗaki da ajinsu, duk abun da ka faɗa iska ce. Satin jarabawa handawut kawai ake haddacewa. Ana gobe hutun Sallah kuwa kar ma ka fara. Satin da aka amince da taken furojet, wannan shi ne naka, ka tambayi sakatarorin sassa ranar.

Na bakwai: duba ko abun na tafiya

Lissafi iri biyu za ka haɗa. Na farko mutum nawa suka buɗe shafin, Google Analytics ko Matomo za su nuna maka, kuma in ka ƙara ɗan wutsiya a ƙarshen linki, kamar ?utm_source=whatsapp ga na guruf da ?utm_source=qr ga na teburi, za ka san ta wace hanya suka zo. Na biyu makala nawa aka sauke, wannan kamfanonin ke bayarwa a rahoton da ake kira COUNTER, ka shiga ɓangaren mai kula da asusu ka sauke ko ka rubuta masu su turo. Yanzu sai ka aza su gefe da gefe. In ba a buɗe shafin ba, tallar ce ba ta isa ba, koma mataki na shida. In ana buɗewa sosai amma ba a sauke komai, ƙofar shiga ce ta lalace ko bayaninka ya rikita su, koma na farko, ka kamo ɗalibai uku ka ba su waya ka ce su nemo makala kana kallo, ka kame bakinka kar ka taimaka, duk inda yatsansu ya tsaya nan ne matsalar. Wannan rahoton dai shi za ka ɗauka ka kai gaban shugabanni in lokacin sabunta biya ya zo, ko in ana tsara abun da za a nema daga asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund.

Abu na ƙarshe shi ne shara. Sa rana ɗaya a wata, ni Litinin ɗin farko nake yi bayan azahar in laburare ya yi shiru, ka bi linkunan ɗaya bayan ɗaya a waya. Akwai Broken Link Checker a WordPress tana taimakawa, amma ba ta gane shafin da ke buɗewa alhali kuɗinku ya ƙare, wannan sai ido. Wanda ya ƙare kar ka goge shafinshi kai tsaye tunda lambar QR ɗinshi na nan manne a tebura, rubuta a sama cewa wannan ya tsaya daga wata kaza, ga madadinshi, ka sa linkin AJOL ko DOAJ. Ka kuma rubuta ranar da rajistar adireshin shafinku da kuɗin wurin da aka ajiye shi a intanet ke ƙarewa a kalandar bangon ofis, ka tuna wa 'yan ICT tun saura wata guda.